Injin Uzairu Ya Sha Man Gyaɗa

"Lafiya lau, maigida, ya aiki? Yau kuma wace irin fuska ce ka shigo mini da ita, kamar wanda aka ƙwace wa tuwo?"

Uzairu ya turo injin yankan ciyawarsa har bakin ɗakin kakarsa, Iya Salamatu, ya tsaya yana kallonta. Injin nan masararsa ta bara kaf ya sayar ya saya, da shi yake ci yake sha, gobe kuma shi ake jira ya gyara filin ƙwallon Ƙofa. To ɗazu ya canza masa mai daga gorar da yake ɓoyewa a ƙarƙashin gadon Iya, don ƙannensa masu babur ba sa ganin baƙin mai su ƙyale. Bai yi nisa da aiki ba inji ya hau tari, ya turnuƙe da hayaƙi, wuri ya ɗauki ƙamshi sai ka ce ana suyar ƙosai. Nan take ya kashe shi. Tun a hanya mutum ɗaya zuciyarsa take nuna masa, ga ta nan kuwa a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa.

"Iya, wa ya shiga ɗakin nan jiya?"

"Ni da sauro."

"Wa ya taɓa gorata?"

"Kai har gora gare ka? Mijin da ko tsinke bai taɓa ajiye mini ba."

"Tsohuwa, ɗago ki kalle ni."

"In kalli me? Kan nan naka mai kama da kabewar da ba ta nuna ba?"

Amma fa ba ta ɗago ɗin ba, abin da ya ƙara masa zargi ke nan. Iyar da in ta kafe ka da ido sai ka tuno laifin bara, yau wai gyaɗa ce ta ɗauke mata hankali. Ya zaro sandar awon mai ya kai mata hanci.

"Shinshina."

"Hancina ya yi ritaya."

"Hancin da yake jiyo tsire tun daga tasha?"

"To ƙila injin ne ya gaji kwaɗayin mai shi. Ko ka je zance wajen mai ƙosai ya ɗan lasa. Ni ma da za ka sani, man gyaɗar da na matse ya ragu, cigiya nake. Ashe ɓarawon da ƙafarsa zai kawo kansa."

"Wato ni kike zargi?"

"Wa ya fi ka sanin ƙarƙashin gadona? Kai da ɓera."

Uzairu ya fara zagaya tsakar gida, hannu a baya. Ya leƙa madafa, ya leƙa bayan randa, Iya tana bin sa da wutsiyar ido. Can sai ya tsaya a gindin rumfa. Dirkokin nan da ya sani busassu, yau sai ƙyalli suke tun daga sama har ƙasa. Ya dangwala ya kai hanci.

"Iya, yaushe dirkokinki suka fara shafa mai?"

"Gayu suke yi. Laifi ne?"

"Baƙin maina ne wannan, sabo dal."

"To gara ce za ta cinye mini rumfa ina kallo? Tun yaushe nake cewa ka kawo mini tsohon mai in shafa, kana ta gobe-gobe? Ɗan kaɗan na ɗiba."

"Ɗan kaɗan?"

"Garar ce da yawa. Kuma ai ban bar ka haka ba, gorarka fal na cika maka da man gyaɗata. Launi ɗaya, ko kai ba ka gane ba. Tatar farko ce, wadda ko suya ban yarda a yi da ita ba. In ma gori ne, injinka bai taɓa shan mai daɗi irin na yau ba."

Uzairu ya zauna a kan turmi, ya rasa dariya zai yi ko kuka. Da ya buɗe baki, babu wasa a muryarsa.

"Iya, in injin nan ya buga, ni ma na buga. Ba ni da wata masarar."

Gyaɗar hannunta ta zube. Tsoro ya kama tsohuwa, haƙiƙan.

"Mutuwa zai yi?"

"Na kashe shi da wuri. In Faruk bakanike ya juye man, ya wanke masa ciki yau, wataƙila ya tashi."

"Wace irin wataƙila? Tashi ka kama jan zakaran can ka kai wa Faruk. Ka ce in ji ni, ko babur ɗin ubansa yake gyarawa ya ajiye."

"Kin amsa laifi ke nan?"

Ta harare shi, ta so ta dake, dariya ta ƙwace mata.

"Na amsa, ɗan nema. Amma ka gaya masa in ya juye man kada ya zubar, ka dawo mini da abina."

"Ki yi me da shi?"

"In yi maka miya mana. Kai dai na san cikinka, babu abin da yake kashe shi."