Ƙamshi a Gindin Tsamiya

Zamanin da nake aikin lambu a barikin Makarfi, matar Bature ta ba ni irin wani fure mai yaɗo. Na kai gida Hunkuyi, na binne a bayan tsamiyar bakin rijiya, inda ruwan guga ke gangarawa, na manta da shi.

Da sanyi ya shigo, ran nan da rana tsaka, ba kowa, ba iska, sai ƙamshi ya tare ni a gindin tsamiyar. Ba na turaren wuta ba, ba na kwalba ba. Kowa ya san mai shafa turare a tsamiya da rana tsaka.

Ni da na zauna da Turawa, na tara mutane na warware musu: aljana ce, kuma ni take so. Mata suka ƙaurace wa rijiyar. Matata ta ɗaure kayanta.

Liman ya zo yana addu'a, ya zagaya bayan itacen, ya tsinko jan fure.

"Malam, amaryar taka ke nan?"

Har yau in na gitta, sai a ce, "Angon tsamiya, ya kwanan amarya?"