Mazarin da Ya Kama Hajiya Kulu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kawo lefen jikata Balki ba, ko da kuwa zan so in manta, don mutanen Gummi ba za su bar ni ba.

A gidanmu ni ke buɗe lefe. In ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya, in faɗi sunansa, mata su yi guɗa. Shekara da shekaru ba a taɓa ɗaga abin da na kasa faɗin sunansa ba. Ranar nan dangin ango suka iso daga Bukkuyum da akwati huɗu, shugabarsu Hajiya Kulu, yayar uban ango, mace mai ji da kanta, ta kafa ɗauri kamar rumbu.

Na gama da atamfofi, na gama da takalma. Sai ga wata doguwar sanda baƙa, siririya, jingine da akwatin ƙarshe. A gindinta akwai wani ƙarfe mai hannu, an naɗe masa farin zare, a bakin zaren kuma ɗan dunƙulen darma. (Ashe a bayan mota take, masu sauke kaya suka haɗo da ita. Wa ya gaya mini?)

Wata ta ce, "Inna, wanga fa mi na?"

Na dubi dangin ango, su ma ni suke duba. Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma ina! Na gyara zama na ce, "Ku yaran yanzu ba ku san komai ba. Mazarin Turawa ne. Ango ya san kakar amarya na kaɗi, shi ya sa ya aiko mini."

Guɗa ta tashi. Har albarka na sa masa, jama'a, da ƙarfi.

Balaraba maƙwabciyata, wadda Allah Ya yi wa baki, ta ce, "To a gwada muna mu gani."

Na miƙe. Na taɓa wata 'yar waya a jikin ƙarfen, ta yi ƙas. Na kaɗa sandar kamar yadda hannuna ya saba, sai darmar nan ta tashi fiu, ta tsallake mata uku, ta sauka a kan Hajiya Kulu. Ban lura da ƙugiyar da ke ƙarƙashinta ba sai da ta shige ɗaurin.

Hajiya Kulu ta ce, "Subhanallahi! Inna, sake ni!"

Ni kuwa sakin nake son yi. Na kama hannun ƙarfen na murza. Ina murzawa zare na naɗuwa, sanda na lanƙwasa, Hajiya na biyo ni da kai a sunkuye. Mata na ihu, "Bari murzawa, Inna!" Tsoro ya sa na ƙara sauri. Ɗauri ya fizge, ya taho yana lilo a sama har gabana. Ga kan baiwar Allah a fili: rabi an kitse, rabi a tsefe, ashe sauri ya hana a ƙarasa mata.

Daidai nan direban dangin ango ya yi sallama daga zaure: wai a duba, ko an shigo da sandar fatsar ango?

Fatsa! Ni da na yi shekara arba'in a gidan masunci, na gyara komar kamun kifi, na ɗaura ƙugiya ba iyaka. Balaraba ta toshe baki da zane, kafaɗunta na rawa.

Hajiya Kulu ta ja mayafi ta rufe kai, ta ce a kwashe akwatuna, ba za su haɗa zuri'a da gidan da ake tozarta baƙi ba. Na ji kukan Balki daga ɗaki. To, nan na ajiye girma. Na durƙusa gaban matar da na girme wa da shekara goma, na ce, "Hajiya, wallahi ban san abin ga ba. Ƙarya na yi." Sannan ta ce a bar kayan, amma a cire mata ƙugiya daga ɗaurinta kada a yaga.

An ɗaura aure, alhamdu lillahi, 'ya'yansu biyar yanzu. Amma har yau in an soya kifi a gidan biki, sai wata ta ce a kai wa Inna, ita ta san kamun manya.

Na dai yi hankali. Yanzu in an ɗaga abin da ban sani ba aka tambaye ni, sai in ce idona ya yi rauni, a miƙa wa Balaraba.