Tarin Inna da Ƙwayar da Na Rubuta

Ba zan taɓa mantawa da daminar 2015 ba, ko da na so in manta Inna ba za ta bari ba. Lokacin ina ma'aikacin lafiya a wani ɗan asibitin sha-ka-tafi kusa da Bukkuyum. Ba likita ba ne ni, amma a gidanmu na Gummi "Likita" ake ce mini, ni kuwa ban taɓa gyara wa kowa ba.

Ni na gano hawan jinin Inna. Na auna ta, na rubuta mata lisinofiril, ƙwaya ɗaya kullum safe, jini ya sauka, na yi ta hura hanci. Bayan wata guda sai ta fara tari, busasshe, babu majina babu zazzaɓi, tana magana yana katse ta. Na ba ta maganin tari, na ba ta kafso, na canza wani kafson. Tari ya ce bai san zancen ba.

Ana cikin haka Hadiza, autarmu, ta dawo gida haihuwar fari, ta sami namiji. Inna ta tara itacen dafa ruwan wanka, ta tanadi kanwar kunu, ta daɗe tana jiran kwana arba'in ɗin nan. Ni kuwa na iso ranar Juma'ar da aka yi haihuwar, na ji tarin ya wuce wata biyu, na gyara tsayuwa a tsakar gida na yanke hukunci: tarin fuka ne, kuma Inna ba za ta taɓa jinjirin ba sai an yi gwaji.

"Mi kac ce?" in ji Inna. "Jikan nawa?"

"Inna, aikina ne. Na san abin da nake yi."

(Wannan maganar ce har yau in na tuna nake jin kamar in nutse.)

Aka ware mata ɗaki da kofi da kwano. Aka kira wata gwaggonmu ta karɓi wankan jego. Ranar suna mata sun cika gida, Inna tana bakin ƙofarta a kan tabarma, ana gaishe ta daga nesa, kowa da gefen gyale a hanci.

Gwajin ma wani abin haushi ne. Ana son majina, tarin kuma ba ya fitar da komai. Na tsaya a kanta da 'yar roba ina cewa ta ƙara ƙoƙari, ita tana harara ta. Sau biyu ana gwada ɗan abin da aka samu, ba a ga komai ba. Mai hankali da ya tsaya nan ya yi tunani. Ni sai na ce ban yarda ba, na sa ta a mota sai Anka, a yi hoton ƙirji.

Likitar da muka samu mace ce, ba ta da yawan magana. Na gabatar da kaina da cikakken muƙamina, na zuba mata bayani da Turanci. Ta duba hoton, ta saurari ƙirjin Inna, ta juya gare ta kamar ba na wurin.

"Inna, kina shan wani magani kullum?"

Inna ta kwance bakin zane ta miƙa mata fakitin ƙwayar. Likita ta karanta, ta tambayi yaushe aka fara, yaushe tari ya fara. Sannan ta yi wa Inna bayani da Hausa tsantsa. Ta ce akwai wani sinadari a jiki, ya fi yawa a huhu, ana kiransa ACE. Shi ke haɗa abin da ke matse jijiyoyin jini, ƙwayar nan kuma tana taka masa burki don jini ya sauka. Amma shi ne kuma ke share wani abu mai sa ƙaiƙayin maƙogwaro, in an hana shi aiki sai abin ya taru, wasu mutane su yi ta tari. Ta ce duk wanda ya rubuta maganin nan ya kamata ya gaya wa mai sha tun ranar farko.

An koya mana wannan a makaranta. Wallahi har a jarrabawa ya fito, kuma na ci.

"Wa ya rubuta miki?" in ji likita.

Ƙofa a buɗe take, masu jira sun cika benci. Inna ta ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji.

"Ga ya nan, Likitan gidanmu. Shi yab ba ni tarin, shi yah hana ni jikana."

Wani dattijo a benci ya ce, "Allah shi kyauta." Likita ba ta yi dariya ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta canza maganin da wani, ta miƙo mini takardar, ta tambaye ni ko zan iya karanta rubutun.

Mako biyu tari ya ɗauke, amma Inna ba ta jira shi ba. Muna isa gida ko gyale ba ta cire ba ta karɓi yaron, yana da kwana talatin da uku a duniya. Ta daɗe tana kallonsa, ta ce, "Angona, ka yi haƙuri, kawunka ya hana mu tarewa." Mata suka kwashe da dariya, ita kuwa idonta ya cika da hawaye. Bayan kwana bakwai Hadiza ta koma gidan mijinta da shi.

Yanzu duk mai tarin da ya zo wurina, kafin in taɓa ƙirjinsa sai ya zazzage mini magungunan da ke aljihunsa. Darasin na koye shi sarai, sai dai Inna ce ta biya, da kwana talatin da uku da ba ni da inda zan samo mata su.