Ranar da Na Kama Sunan Ɗan Farina a Gaban 'Yan Majalisa

Ba zan taɓa mantawa da wannan Larabar ba, ko da tsufa zai kwashe min sauran ranakun duniya. Shekarar da ta biyo bayan canjin kuɗi ce, mutane sun gama wahalar layin banki, man fetur kuma ya yi tashin da har masu keke suka daina amsa gaisuwa. A daminar ne katangar bayan gidanmu ta zube, kafin bikin jikata Hindatu da 'yan watanni.

Gidan nan na Tudun Wada da keken ɗinki mijina Malam ya gina shi, Allah ya ji ƙansa, ɗaki bayan ɗaki. Nan aka kawo ni amarya, nan na yi haihuwata duka, nan aka yi masa wankan gawa. Ina faɗa ne don ku san abin da banki ya zo ɗauka.

Ɗana na fari sunan mahaifin Malam ya ci. Kunya biyu ke nan, ga ta ɗan fari ga ta suruki. Tun ranar suna bakina bai taɓa furta sunan nan ba. Mutanen gida Baba Ƙarami suke ce masa, ni ko wannan ba na faɗa. In yana kusa in ce "kai", in yana nesa in ce "shi wancan". Ana yaye shi yayar Malam, Yaya Asabe, ta ɗauke shi, ita ta raine shi har ya shiga makaranta. Kuma ba ɓoyewa zan yi ba, da wannan nake taƙama. Na sha yi wa matan yanzu gori, masu ƙwala wa ɗan fari kira a bakin titi suna shafa masa kai. (Yau dai gorin ya ƙare, kowa ya huta.)

To shi wancan ne ya ci bashin banki ya kafa injin casar shinkafa a Dutsen Abba, ya jinginar da takardar gidan. Da yake ina da gado a ciki, sai ga samari biyu da kwat daga banki har tsakar gida, suna ta "Mama, Mama" kamar na shayar da su. Suka ce shaida ce kawai, in dangwala. Na dangwala. Babu wanda ya buɗe baki ya ce min da Hausa, tsohuwa, in injin nan ya tsaya, ɗakinki za a sayar. Injin kuwa ya tsaya. Wuta babu, man da ake zuba masa ya fi shinkafar tsada, kuɗin ruwa kuma kullum sai ya haihu. Wata safiya na fito na tarar an yi mana rubutu da jan fenti a bangon zaure. Ban iya karatu ba, amma yadda masu wucewa suke sunkuyar da kai ya ishe ni.

Maƙwabciyata Rahila, tsohuwar nas 'yar Wusasa, ita ma nata bangon ya sha fentin. Ita ta zo min da labarin cewa 'yan majalisa sun kafa kwamiti kan gidajen da bankuna suke ƙwacewa, za su zauna a wani babban zaure a unguwar Kongo, su saurari jama'a. Duk wanda aka rubuta kokensa, za a dakatar da sayar da gidansa sai an gama bincike. Na aika a gaya wa shi wancan. Aka dawo aka ce yana kwance, jininsa ya hau, kuma ba zai iya tsayawa gaban mutane a ce ya cinye gidan ubansa ba. Na ce ya yi ta kwanciya, ni zan je. Yaya Asabe ta ji, ta ɗauko sandarta, ta ce gidan ƙaninta ne, ƙafata ƙafarta.

Na ɗauko leshina na ƙasan akwati na sa, na kafa ɗaurin da nake zuwa biki da shi. Rahila ta dube ni ta ce ba ɗaurin aure aka gayyace mu ba. Na ce mata banki dai ya ga bangona, ba zai ga tsummana ba.

Zauren ya cika maƙil. 'Yan majalisa sun jeru a dogon tebur da manyan riguna, kowa da gorar ruwa a gabansa, biyu daga cikinsu tun da muka shiga suke latsa waya. Gefe guda manajan bankin da lauyansa. Ga 'yan rediyo da kayansu. Shugaban kwamitin dai ba laifi, ya tambayi abin da ke cina. Ya ce don me ake sa tsofaffi dangwale a takardar da ba a fassara musu ba, don me bashi yake ninka kansa alhali mutum yana biya, kuma su waye suke sayen gidajen nan da araha in an yi gwanjo. Lauyan ya miƙe ya yi ta zuba Turanci har na ga wani dattijo ya fara gyangyaɗi. Da aka fassara, ashe duk surutun nan cewa ya yi doka ce.

Aka fara kiran mutane. Wani malamin makaranta ya yi kuka. Rahila ta yi bayaninta tsaf. Da aka zo kaina na karɓi makirufo, kuma ba yabon kai ba, na yi magana. Na ba su labarin keken ɗinkin Malam, da samarin kwat, da jan fentin. Na ce wanda ya iya Hausar kiran mutum Mama ya kamata ya iya Hausar gaya mata gaskiya. Zaure ya ɗauki guna-guni, wata mata a baya tana cewa a gaishe ki. Manajan ya sunkuyar da kai. Ni kuwa kaina sai ƙara girma yake.

Sai shugaban ya ce, "Madalla, Inna. Yanzu faɗa mana cikakken sunan wanda ya karɓi bashin, a rubuta."



Cikakken suna fa. Nasa, wanda shi ne na surukina, sannan na ubansa, mijina, wanda shi ma ban taɓa kamawa ba har ya koma ga Allah. Ga Yaya Asabe a layin gaba ta dafa sanda ta zuba min ido.

Na ce ɗan gidanmu ne, ranka ya daɗe. Ya ce me yake a gare ki. Na ce ɗan mijina ne. (Ai ban yi ƙarya ba.) Aka fara 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Rahila ta miƙe don ta cece ni, ta ce Baba Ƙarami ne sunansa, don ita ma iyakar abin da ta sani ke nan duk zamanmu tare. Dariyar ta ƙaru. Na juya wajen Yaya Asabe, ta kawar da kai, sunan ubanta ne, ita ma ba ta kamawa. Shugaban ya gane, yana ta danne murmushi, har ya fara tambaya ko akwai wani namiji daga gidan.

Nan lauyan nan ya miƙe. Ɗan Bahaushe ne fa, uwa ce ta haife shi, ya san abin da ya ɗaure min baki sarai. Kuma wannan karon da Hausa ya yi magana, Hausar da ya rasa ɗazu. Ya ce kwamiti ya shaida, baiwar Allah ba ta ma san wanda ya ci bashin ba. Ya ce an saba ɗauko mutane haya a irin wannan zama, a sa musu leshi su cika zaure. Ya roƙi a wuce ga na gaba.

Ni za a ɗauko haya. Ni da aka kawo gidan nan tun kafin ubansa ya san hanyar makaranta.

Ban san lokacin da na kai makirufon bakina ba. Na faɗi sunan. Na haɗa da na ubansa. Lasifikar nan ta ɗauka ta watsa har sai da bango ya amsa. (Kada ku sa rai zan maimaita a nan, sau ɗaya ya isa.) Da ma a nan na tsaya da sauƙi. Sai na ƙara da cewa, "Ni na haife shi, ɗana ne na fari, naƙudarsa ta kusa kashe ni, kai kuma ka je ka tambayi uwarka ko haya aka ɗauko ta."

Zaure ya fashe da dariya. Har masu latsa waya suka ɗago. Yaya Asabe ta yi salati, ta miƙe da sandarta ta kama hanyar ƙofa, ko waiwaye babu. Ni kuwa ina tsaye da ɗaurina na biki, gumi yana bin bayana, ina neman inda zan sa fuskata.

Abin da ya fi ƙona min rai 'yan rediyo ne. Duk maganar hankalin da na yi suka yanke, suka bar wannan gutsuren, suka yi ta sakawa. Kafin magariba babu gidan da bai ji ba daga Tudun Wada har Tudun Jukun. Matan da na yi wa gori suka yi ta sallama, wai sun zo duba lafiyata.

An dai rubuta sunan, aka dakatar da gwanjon. Banki ya kira zama, ya rage wani abu daga kuɗin ruwan yana yi kamar sadaka ya ba mu. Muka sayar da injin da shagon gaba, inda Malam ya yi ɗinki duk rayuwarsa, muka tsira da cikin gida. Rahila da ta yi bayani tsaf ba ta tsira ba, ashe an riga an sayar da nata kafin zaman, sai dai ba a gaya mata ba. Rahoton kwamitin kuwa har yau ban ji wanda ya gan shi ba. In na tuna wannan sai in ji kunyar ta koma fushi.

Shi wancan a rediyo ya ji, yana kwance. Da na shigo ya taso ya durƙusa a bakin ƙofata. Ya ce, "Inna, ashe kin san sunana." Na ce ya tashi ya ba ni wuri kafin in sake faɗa.

Abin da na koya bai da yawa. Duk wanda ya shigo min gida da kwat yana ce min Mama, tabarma ma ba zai samu ba, balle babban yatsana. Kuma in za a sake wani zama, wanda ya ci bashi shi zai je ya faɗi sunansa da bakinsa, ko a gadon asibiti za a turo shi.

Yaya Asabe ta rasu bara, ta yafe wa kowa, ni kuma ta ce sai ta yi tunani. Shugaban kwamitin an ce yana Kaduna. Lauyan ban tambaya ba. Rahila tana nan da ranta a ɗakin 'yarta a Wusasa, in na kai mata tuwon sallah sai ta tambayi lafiyar Baba Ƙarami tana dariya. Sai ni, sai shi wancan, a cikin gidan Malam.