Ranar da Zuciya Ta Ciji Tsohuwa

Ba zan taɓa mantawa da kunyar da na kwasa a ƙasar Chadi ba, kuma tun da wuri bari in faɗa muku, ba wanda ya ja mini ita sai bakina.

Ni nas ce, Kirista, daga wani ƙauye kusa da Zariya. Shekarata biyar ina aiki a wani ƙaramin asibiti a Bagdadiyya, cikin Jidda. A shekara biyar ɗin nan Larabcin da na tara bai cika kofin shayi ba: yalla (maza-maza), halas (shi ke nan), shukran (na gode), sai sunayen gaɓoɓin jiki bakwai ko takwas. Dalili kuwa, a wurin aiki Turanci muke yi da 'yan Filifin, in na koma unguwar Waziriyya inda nake kwana, Hausa ce har a shagon burodi. Maƙwabciyata ma, Umma Ramla, Bahaushiyar Sudan ce, kullum da Hausa muke gulmar mai gidan haya. (Ku riƙe wannan maganar, za ta dawo ta mare ni.)

Amma in na sauka gida hutu fa? Tab! Baƙar abaya ta kasuwar Bab Makka, turare kamar an fasa kwalba, in aka ce mini sannu da zuwa in ce shukran. Yaran gida in suka dame ni, yalla yalla nake korarsu. Matan zumunta a coci har cewa suke yi, "Ai Sista ta zama Balarabiya." Ni kuwa in sunkuyar da kai irin na mai tawali'u, a ciki ina jin daɗi kamar in tashi sama.

To, wani hutu na tarar cocinmu ta shirya tafiyar bishara ta mako biyu zuwa gabashin Chadi, wani sansanin 'yan gudun hijirar Sudan. Tsarin shi ne da safe a yi sujada, da rana a duba marasa lafiya. An sami likita, an sami magunguna, saura tafinta. Fasto Yohanna ya tsaya gaban jama'a ya ce wa ke jin Larabci? Ba wanda ya tura ni. Da ƙafata na miƙe, da hannuna na ɗaga. Aka yi tafi. Har addu'a aka yi wa harshena.

Kwana biyun farko na sha da kyar, kuma ba wanda ya gane. Yawancin masu zuwa zazzaɓi ne, ko ciwon kai, ko gudawa. Mutum zai dafa inda ke masa ciwo, ni kuma in juya wurin Dakta Bitrus in faɗa masa da Turanci abin da shi ma ya gani da idonsa. Sai ya gyaɗa kai ya ce Allah ya yi mana baiwa da ni. In ce amin.

Rana ta uku Alhamis ce, ranar mota. Mota ɗaya ce ke kai masu ciwon da ya fi ƙarfinmu asibitin gari, Litinin da Alhamis, ƙarfe sha biyu take tashi. Wanda bai shiga ba sai ya jira kwana huɗu. Wajen sha ɗaya wata tsohuwa ta shigo tantinmu tana ɗingishi, ta naɗe da lafaya ruwan ƙasa. Na tare ta da "Salamu alaikum ya Hajja" mai ƙarfi, yadda na bayan layi ma za su ji su ƙaru. Ta dubi abayata, ta zauna, ta buɗe baki.

Jama'a, Larabci ta zubo kamar an kwance famfo. Ni dai ina murmushi ina gyaɗa kai, gumi na bin bayana. Cikin dogon bayanin nan kalma ɗaya ce tak ta yi mini kama da 'yar gida: "kalib". Ta faɗa sau uku. A Jidda na san "galb", wato zuciya. Na ce to, ai ita ce, lafazin mutanen ƙauye ne kawai.

"Ciwon zuciya ne," na ce da Dakta, ba ko ƙifta ido.

Ya ɗora abin sauraren ƙirji, ya saurara, ya sake saurara. Ya auna jininta. Ya ce shi fa zuciyar nan ta fi tasa lafiya. Tsohuwa ta sake cewa "kalib", tana bubbuga ƙwaurinta ta saman lafaya. Dakta ya ce me take nunawa a ƙafa?

"Ta ce ciwon yana sauka har ƙasa," na ce. (Allah ya gani, ban san daga ina wannan ƙaryar ta fito ba. Fitowa kawai ta yi, da takalminta.)

Dakta ya rubuta mata 'yan ƙwayoyin rage raɗaɗi, ya ce ta dawo Litinin, ba sai ta shiga mota ba. Tsohuwa ta ƙi tashi. Na juya wurin Rifkatu, ƙawata mai raba magani, na yi ƙasa da murya na ce da Hausa, "Tsohuwar nan da surutu take, ga taurin kai, an sallame ta ta kafe kamar turke." Na ga idon tsohuwa ya ɗago, bakinta ya motsa. Daidai nan Fasto Yohanna ya leƙo, ya ji ana zancen zuciya, ya ce a tambaye ta ko ta yarda a yi mata addu'a. Na ce, "Du'a?" Ta ɗaga kai.

Fasto ya rufe ido ya fara, da Hausa, da muryar nan tasa da ba ta bukatar lasifika. "Ya Ubangiji, ga baiwarka. Kai ka yi zuciyar nan. Ka taɓa zuciyar nan. Ka daidaita bugun zuciyar nan." Layin waje ya yi tsit. Zuciya dai ta sha addu'a, ta kusa minti biyar. Muka ce amin.

Tsohuwa ta shafa, ta gyara zama, ta ce da Hausa tsantsa, wadda ta fi tawa daɗin ji:

"Amin, Malam, na gode. Amma zuciyata lafiya lau take. Kare ne ya cije ni."

Ta juyo gare ni. "Kare, 'yar nan. Ka-re. Mai haushi. Kalib kare ne, galib zuciya. Jiya da yamma ya kama ni, yana dalalar da miyau, maza sun kashe shi. Da safe na jiyo waƙa da Hausa, na ce ga 'yan uwa sun zo, na jawo ƙafata. Ina zuwa aka haɗa ni da Balarabiya."

Rifkatu ta cusa gyalenta a baki. Fasto ya buɗe ido ɗaya, sannan ɗayan. Ni kuwa da ƙasa ta tsage da na shige, har abayar. Amma Dakta bai yi dariya ba. Agogo ya duba. Sha biyu saura minti ashirin. Ya ce mahaukacin kare ne wannan, allurarsa sai asibitin gari, kuma ba ciwon da ake ce wa ya jira Litinin ba ne. A nan dariya ta mutu a bakin kowa. Ashe da ta ji maganata ta tashi, da na sallami matar nan ta je ta mutu da ƙwayar ciwon kai a hannu.

Rifkatu ta ruga ta tsayar da direba. Maza suka fita, domin dama saboda su ne ta ƙi ɗage lafayar. Na durƙusa da sabulu da ruwa ina wanke ciwon, hawaye na ɗiga a cikin roba. Na ce, "Iya, ki yafe mini."

"Wanne daga ciki?" ta ce. "Zuciyar, ko turken?"

Ashe har wannan ta ji.

Ina wankewa tana ba ni labari. Kakanta daga Haɗejiya ya taso da ƙafa zai je Makka, ƙarfi ya ƙare masa a Sudan, ya zauna. Ta tambaye ni ina na samo Larabcina, na ce Jidda, da ƙaramar murya. Ta ce, "Ikon Allah. Kakana bai kai ba, amma bai yar da Hausa a hanya ba. Ke kin kai ƙasar, kin yar da Hausar, Larabcin ma ba ki tsinto ba."

Ta shiga motar. An yi mata allurar, kuma kafin mu bar Chadi ta dawo da ƙafarta ta kawo mini busasshiyar kuɓewa a ƙullin leda. Sauran kwanakin ita ta zauna kusa da Dakta tana tafinta, ni aka mayar da ni riƙe robar ruwa, aikin da sai a lokacin aka gano ina da baiwarsa.

Labari kuwa ya riga mu isa gida. Har yau in na shiga coci da abaya sai wata daga bencin baya ta yi haushi ƙasa-ƙasa. Da na koma Jidda na faɗa wa Umma Ramla, ta yi dariya har sai da ta kwanta, ta ce ita da take gulma da ni da Hausa shekara biyar, daga wace ƙasa na ɗauka ta fito?

Yanzu duk baƙin mutumin da ya shigo asibitinmu na Bagdadiyya, ko da rawaninsa ya kai rufi, abin da nake fara cewa shi ne, "Sannu, ana jin Hausa?" In kuma ba ya ji, akwai jimla guda ta Larabci da na zauna na haddace har wasalinta, wadda ya kamata in fara koya tun ranar da na karɓi iƙama, wato takardar izinin zama. Ma'anarta: ban gane ba.