Keken Tsohon Direba

Shekararsa tamanin da ɗaya, tsohon direban tirela ne, shi ne kuma babba a gidan. Abokan aikinsa na da suna kiransa Ba-Birki, har yau kuwa ya fi saurin amsa wannan sunan a kan na yanka. Tun da ido ya raba shi da sitiyari, wurin zamansa ɗaya ne, wata kujerar mota da ya ciro daga tirelarsa ta ƙarshe ya kafa a ƙofar ɗaki.

Ranar Asabar da hantsi yana kanta da kofin shayi. A jikin bangon sito an jingine wani baƙin keken ƙarfe, tayoyinsa a sace, sirdinsa ya tsage, yanar gizo ta cika tsakanin ƙarafunansa. Tsohon ya riga ya yi magana da ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, zai zo ya ɗauka kafin rana ta take.

Jikansa, ɗan babban ɗansa, yana aiki a wani kantin magani. Ya karɓi hutun shekara, shi da abokansa biyu suka shirya tafiya a kan keke har bakin teku, ta hanyoyin ƙauye, ba gaggawa. Washegari za su tashi. Nasa keken mai siririyar taya ya lanƙwashe a wani rami ranar Juma'a, da ya fita gwaji da kaya. Abin da ya kawo shi gidan ke nan, da hular kwano a hannu.

Ya tsaya a gaban kakansa ya ce, "Barka da hantsi. Ya ƙarfin jiki, Tsoho? Ashe har yanzu kana nan?"

"Ina zan je in bar maka matata? Sai na ga bayanka. Mene ne wannan a hannunka, tukunya ka sato?"

"Hular kwano ce, ta kare kai."

"Me ke cikin kan da za a kare?"

Jikan ya jawo benci ya zauna, ya ɗauki biredin da ke gaban tsohon ya gutsura.

"Ci, ci," in ji tsohon. "Ka tara a ciki, gaba yunwa ce. Ai na ji labari. Ubanka ya zo jiya yana magana ƙasa-ƙasa kamar wanda aka yi wa rasuwa, wai ɗan da ya sa a makaranta zai tafi teku a kan keke. Na ce ya yi haƙuri, ba gidan da ba a samun irinka."

"Bai gane ba ne, kai ma ba za ka gane ba. Tafiya ce ta sannu. Inda muka ga dama mu tsaya, mu gaisa da mutane, mu sayi abinci a hannunsu, mu kwana a ƙauye. Ba mai, ba hayaƙi, ba ƙara."

"Ba hankali."

"Ba mu zubar da ko leda ɗaya a hanya."

"Allah ya ba da lada. Tafiyar sannu! Mu a zamaninmu sunanta talauci. Ubana ya yi ta, da ƙunshi a ka da kaushi a ƙafa, ban taɓa jin ya ce ya ji daɗinta ba. Ranar da ya fara shiga mota har hawaye ya yi don murna. Yau tattaɓa-kunnensa ya ci ya ƙoshi, ya sa wandon roba mai matse cinya, zai koma inda aka gudo."

"Wandon keke ne."

"Wandon ƙanwarka ne."

"Ku ne dai kuka ɓata duniya da hayaƙi, mu muke gyarawa."

"Hayaƙin nan shi ya kai ubanka makaranta, shi ya yi masa aure, har aka samo ka. In akwai ɓarnar da hayaƙina ya yi, to kai ne."

Jikan ya haɗiye biredin, ya nuna bangon sito da haɓa.

"To ni dai keken can na zo ɗauka. Nawa ya mutu."

"Allah ya ji ƙansa, dama bai yi kama da mai tsawon rai ba. Wancan kuwa na sayar."

"Ai ga shi nan a tsaye."

"Mai shi yana hanya. Gara a narka shi a yi tukunya mutane su ci abinci, da in ba ka ka je ka kunyata shi a gaban ƙauyawa. Ka san ko wane ne keken nan? A saman kaya nake ɗaure shi, kan tamfol. In tirela ta lalace a tsakiyar daji, shi nake saukewa in taka har gari in nemo ƙarfen da ya karye, in ɗoro makanike a baya mu dawo. Aiki ya sani, bai san yawon shan iska ba."

"Shi ya sa nake so. Kariyarsa ta baya za ta ɗauki kayana."

"Kariyarsa ta ɗauki maza. Kai ko fedarsa ba za ka juya ba, da ƙafafun nan kamar sillen kara. Kuma me za ka gani a hanyar da ban gani ba? Zauna in ba ka labarinta kyauta, ka huta. Na san ta kamar yunwar cikina."

"Madalla. Garin da ke bayan babbar gada, me suke nomawa?"

"Ramuka."

"Na gaba da shi fa?"

"Awaki. Marasa tarbiyya, ba su jin hon."

"Wanda ke kan tudu, inda aka ce akwai masaƙa?"

"Nan ne birkina ya taɓa tsinkewa a gangara."

"Mutanen garin ya suke?"

"Suna da gudu. Wannan na shaida."

Jikan ya tafa hannu. "Ka ji ko? Ka ƙare ƙuruciyarka kana wucewa ta ƙofar gidajen mutane, ba ka san ko mutum ɗaya ba."

"Na san masu faci kaf."

"Ba ka taɓa zama a inuwar kowa ba, ba ka sha ruwan rijiyar kowa ba. Ƙura kawai ka bar musu da gawar kaji."

"Kajin ai su suka zaɓi hakan. Kai kuma me za ka bar musu? Za su ga ƙato da tukunya a ka yana haki a kan tudu, yara su biyo ka da dariya, tsofaffi su ce wayyo, ɗan mutane, ko kuɗin mota ba shi da shi. Wata tsohuwa ta ba ka ruwa don tausayi, ka dawo ka ce mana ka fahimci rayuwa."

"Aƙalla zan san sunanta."

"Ita ba za ta so sanin naka ba." Tsohon ya kurɓi shayi. "Tekun ma da kake wa rawar kai, ruwa ne fa kawai. Ruwan da ba a sha, ba a wanki da shi, ba a zuba wa mota. Ruwan banza."

"Ya take?"

"Babba."

"Wane launi?"

"Launin ruwa, ja'iri."

"Igiyar ruwan fa?"

"Tana zuwa tana komawa, kamar kai a gidan nan in an sauke tukunya. Ni da na yi wanka a cikinta har kifaye suka san ni? Akwai wani babba, in ya hango ni sai ya ɗaga kai mu gaisa."

Matar tsohon, kakar saurayin, tana zaune a ƙofar kicin tun ɗazu tana tsintar shinkafa a faranti. Ba ta ɗaga kai ba.

"Maigidana ƙarami, kada ya ruɗe ka," in ji ta. "Bai taɓa ganinta ba."

"Ke wa ya sa da ke?"

"Ina amarya na tambaye shi yadda take, ya ce sai ya dawo. Har yau yana dawowa."

Jikan ya ajiye hular a ƙasa a hankali. Ya dubi tsohon, ya dubi kakarsa, ya sake duban tsohon.

"Tsoho. Ba-Birki. Kai da kanka?"

"Ku ba ku san aiki ba, shi ya sa bakinku yake da sauƙi," in ji tsohon, muryarsa ta ɗan tashi. "Ta ƙofar baya tirela take shiga tashar jirgin ruwa, tsakanin katanga biyu dogaye. Layi ne. Ka matsa kaɗan, ka kashe mota, ka jira. Ka kuskura ka sauka ka ce za ka je kallon ruwa, kafin ka dawo an sha gabanka, an kuma zuƙe maka gas. In layi ya zo kanka a sauke, a yi maka sabon lodi, ka juya. Wane mahaukaci ne zai bar mota da kayan mutane ya tafi kallon ruwa?"

"To bayan an gama lodin?"

"Bayan an gama lodi hanya ake kamawa, mai kaya yana jira. Amma na sha warinta. Na ji kukan jirage. Gishirinta ya cinye mini bodin mota biyu. Wannan ai sani ne."

"Sani ne mana. Ni ma na san cikin banki, kullum ta ƙofarsa nake wucewa."

Dariya ta ci ƙarfin saurayin har ya riƙe benci. Can sai ya tsaya, ya share ido.

"Dakata. A ina ka ce kake ɗaure keken?"

"A saman kaya. Kurma ne kai?"

"Saman kayan ya fi katangar tsawo?"

Tsohon ya juya kofinsa a hannu. Ya dubi keken.

"Ya fi," in ji shi.

"Shi ke nan! Wallahi keken nan ya ga teku! Kowace tafiya yana can sama yana kallon jirage da masunta, iska tana kaɗa shi, kai kana ƙasa kana kallon bayan tirelar wani." Jikan ya tashi ya je gaban keken ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Ashe kai ne matafiyin gidan nan, wancan direbanka ne."

"Tashi, mara kunya."

"Yanzu na gane abin da ya sa kake so a narka shi. Baƙin ciki ne. Shi kaɗai ya san asirinka, kana so ka kashe shaida."

"Shaida ta biyu tana nan," in ji kakar. "Ni ba a sayar da ni a kilo."

Ana cikin haka aka yi sallama a ƙofar gida, aka ji ƙarar kurar turawa da ƙarafa a cikinta. Ɗan gwangwan ne. Ya leƙo, ya gaida mutanen gida, ya nufi bangon sito yana naɗe hannun riga.

Jikan ya miƙe ya dafa sirdin keken. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Tsoho, in ya tafi da shi, gobe abokaina za su tafi su bar ni. Ba ni da wani, hutun kuma sai baɗi."

"Sai ka bi su a ƙasa. Ai ya fi sannu."

Ɗan gwangwan ya kama kan keken. Tsohon ya bar shi har ya janye shi daga bango, tayoyin suna jan ƙasa. Sannan kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya ce, ta fito masa ta hanci, ta koma tari, har sai da matarsa ta miƙo masa ruwa.

"Direbansa," in ji shi yana share baki. "Wai ni ne direbansa. Malam, sake shi. Ka yi haƙuri, an riga ka. Shiga sito, akwai tsohon jak na ɗaga mota a bayan ƙofa, ya fi wannan nauyi, ka ɗauka kada ka koma haka. Wannan wani marar lafiya ne a danginmu zai hau."

Ɗan gwangwan ya ɗauki jak ya yi godiya ya fita.

"Allah ya ƙara maka shekaru, Tsoho, amma kaɗan."

"Rufe mini baki. Ba don kai na yi ba, shi ne na ga ya kwana biyu bai fita ba. Ka kai shi a sauya tayoyi, a sa wa kaca baƙin mai. Birkin baya shi ne mai kamawa, na gaba maƙaryaci ne irinka, kada ka yarda da shi a gangara. In ka gaji ka sauka ka tura shi, kada ka kwantar mini da shi a ƙasa. In ɗayanku zai dawo shi kaɗai, to shi nake so."

"Me zan kawo maka daga can?"

"Kunya, in ana sayarwa. Kuma kada ka dawo ka cika mini kunne da labarin ruwa."

Ranar Lahadi da safe jikan ya tashi da abokansa, kayansa a ɗaure a kariya, keken yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Tsohon bai fito rakiya ba, ya ce ba ya raka abin kunya.

Ranar Litinin ya ɗauki sandarsa ya taka har rumfar mai gyaran keke da ke bakin titi. Ya tambaye shi ko kariyar keken ƙarfe, in an ɗaura mata matashin zama, za ta iya ɗaukar babban mutum zuwa wuri mai nisa, misali bakin teku. Ya ce wani abokinsa ne yake son sani. Mai gyara ya tambayi nauyin abokin. Tsohon ya ce kamar nasa.