Ranar da Kaka Ta Gwada Lasifika da Babur

"…lafiya lau na kwana, ganinka ne dai ya ɓata mini safiyar," in ji Kaka, ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Tun yaushe na ce ka zo?"

"Amarya ke nan. Wanka na tsaya yi, kada mu fita tare a ce mijin bai dace da matar ba."

"Ko da sabulun duniya ka yi wanka, kan nan dai tulu ne."

Jikanta ne, ɗan babbar 'yarta, mai kai wa mutane kaya a babur. Duk layin Kan Tulu ake ce masa, har ma'aikacin wutar lantarki haka ya san shi. Ita kuwa Kaka tela ce, ta taka keke har gwiwa ta koyi yin ƙara. Da zare ya daina shiga allura sai ta sayar da keken, ta ƙulle kuɗin a bakin zani, ta ce tunda ido ya ajiye aiki, kunne za ta yi wa hidima.

Abin da take so bai da yawa: amfilifaya ɗaya da lasifika biyu. Akwai wani tsohon kaset da marigayi mijinta, kafinta, ya ɗauka a rikoda yana waƙa yana goge katako. Kan Tulu ya sa an juye mata shi a memori. To amma muryar wayarta kamar ta sauro take, bayan katangar ɗakinta kuma injin niƙa ne, daga safe har faɗuwar rana yana gurnani. Sai ta manna wayar a kunne, ta ji alamar mutum na waƙa, ta kasa kama abin da yake cewa. Keke ɗaya ta mallaka, kuma ya tafi. In kuɗin nan suka faɗa rijiya, babu na biyu.

"Hau mu tafi," in ji Kan Tulu. "Ki riƙe ni da kyau, kada iska ta ɗauke mini mata."

"Iskar da ba ta ɗauke kunnuwanka ba, ni za ta ɗauka?"

"Ni dai kishi nake. Ina raye, da jini a jika, kina kashe dukiya don jin muryar wani."

"Wanin nan ya fi ka komai. Shi waƙa yake a kaset ɗin, kai kuka kake."

Wannan tsohon musu ne. Can ƙasa-ƙasa a cikin kaset ɗin akwai wata ƙara siririya mai tashi tana sauka. Kaka ta ce kukan Kan Tulu ne yana jariri. Shi kuwa ya rantse ƙofar shagon kafinta ce ba a sa mata mai ba, don shi tun da aka haife shi bai taɓa kuka ba, shi da ungozoma ma gaisawa suka yi.

Shagon kayan sauti na bakin titi, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da fenti. Mai shagon wani mai tumbi ne, da sukudireba a bayan kunne. Yana ganin tsohuwa da ƙulli a bakin zani ya miƙe ya karkaɗe mata kujera. Kaka ta raɗa masa a kunne yawan kuɗin da ta zo da su, ya gyaɗa kai, ya ce ba laifi, sai dai ta sani kaya in sun fita ba sa dawowa.

Kafin ta zauna Kan Tulu ya riga ya rungume wasu lasifiku biyu baƙaƙe, kowace ta kai Kaka tsawo, da fitilu ja da kore suna kewaya bakinsu.

"An gama ciniki. Waɗannan ne."

"Kabad na ce ka nemo mini?"

"Tsohuwa, ke ba ki san zamani ba. Waɗannan in suka yi tari, mai injin niƙa sai ya tattara ya bar unguwar."

"Ni ma in bi shi, don in suka shiga ɗakin nan sai dai in kwana a tsaye."

Mai shago ya murɗa wani abu. Kiɗa ya tashi, gilashin kanta ya hau rawa, sukudireba ta faɗo daga kunnensa. Kan Tulu ya lumshe ido yana kaɗa kafaɗa. Kaka kuwa ba kiɗan take saurare ba. Ido ya yi rauni, amma wadda ta shekara tana bin zare ba za ta kasa bin waya ba. Ta sa sandarta ta bi wayar daga bayan lasifika, ta zagaya ƙafar tebur, ta ɗaga wani labule. Ga wata ƙatuwar amfilifaya a ƙasa tana huci.

"Ɗan nan, wannan ta ƙarƙashin tebur, ita za ka haɗa mini da su?"

Mai shago ya sosa ƙeya. "A'a Kaka, wannan ta gwaji ce. In kin ɗauki manyan, abin da zai rage miki sai dai waccan." Ya nuna wata 'yar ƙarama kamar gwangwanin kifi.

"To da ita za ka gwada. Ba a nuna wa mutum doki a ba shi jaki."

Aka sauya. Kiɗan ya dawo, amma kamar ƙato mai mura. Kan Tulu bai karaya ba.

"Har yanzu da sauran ƙarfinsu. Dubi fitilu ma."

"Fitilu zan saurara? Ka ɗauko raƙumi za ka ja shi da zaren ɗinki."

"Araha ba ta ado, Amarya."

"Ado na zo saye? Daidai ruwa daidai tsaki."

Ta juya sandar ta nuna wani lungu. Wasu lasifiku biyu ne na katako, ba su fi bulo girma ba, ƙura ta rufe su, kusurwar ɗaya ma ta ɗan ɓalle. Mai shago ya ce na hannu ne, wani ya kawo ya ƙara kuɗi ya ɗauki manya. In su ta zaɓa, kuɗinta zai kai ta ga amfilifaya ta kirki, mai cin memori.

Kan Tulu ya riƙe ciki don dariya. "Tsohuwa ta ga 'yan'uwanta. Ai waɗannan tare kuka yi 'yanmatanci."

"Ƙaramin goro ya fi babban dutse."

"To mu yi sharaɗi. In nawa suka ci, daga yau babu Kan Tulu. Alhaji za ki riƙa ce mini, kina rusunawa."

"In nawa suka ci fa?"

"Ba za su ci ba. Kunne ya girmi kaka, kuma nawa kunnen sabo ne."

"Sabo ne, don ba a taɓa amfani da shi ba. In nawa suka ci, a gaban mutane za ka faɗi wanda ke kuka a kaset ɗin nan."

Mai shago ya miƙa hannu zai kunna. Kaka ta ɗaga sanda.

"Dakata. Nan shagonka ne, shiru kamar ɗakin mai jego. Ni ba a nan zan saurara ba. Bayan gadona injin niƙa ne." Ta dubi jikanta. "Kai, jeka ka juyo da babur ɗinka, salansar ta kalli ƙofa."

"Me babur zai yi?"

"Niƙa. Muryarsu ɗaya da injin, duk layi ya shaida. Ka tada shi ka murɗa totur, kada ka saki sai na ce."

"Ni ne injin niƙa yau?"

"Ka daɗe kana niƙa mini kai kyauta. Yau dai a samu amfani."

Mai shago ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi ƙullin bakin zanin, ya rufe. Kan Tulu ya juyo da babur ya tada. Wannan babur kuwa salansarsa ta huje tun bara, in ya shigo layi kaji ma sun san shi. Hayaƙi ya cika ƙofa. Mai gyaran agogo ya fito da gilashi a ido ɗaya, mai fenti ya biyo shi da goga a hannu, masu wucewa suka tsaya ganin ikon Allah.

Kaka ta kwance memori daga wani ƙyalle ta miƙa. Aka zura a 'yar ƙaramar amfilifayar, aka fara da manyan lasifikun. Dum, dum, dum. Gurnanin lasifika ya haɗu da gurnanin babur suka zama abu ɗaya, kamar an zuba ruwa a cikin ruwa. Fitilu na ta kewayawa, amma muryar kafinta ko ƙurarta babu. Kaka ta karkata kai, ta sa hannu a bayan kunne, ta jira. In haka kowace lasifika take yi, to ta sayar da keke a banza ke nan.

"Kin ji ƙarfi?" Kan Tulu ya ɗaga murya daga kan babur.

"Na ji. Injin niƙa biyu ke nan. Ɗaya ma ya ishe ni."

Mai shago ya hure ƙurar ƙananan, ya haɗa su da amfilifayar nan ta kirki, ya mayar da memorin cikinta, ya murɗa kaɗan. Babur na nan yana ihu. Sai ga wata murya ta taso ta samansa, siririya, tas, kamar mai ita na zaune a kan kantar. Har ƙarar goge katako ana ji, shuu, shuu.

"Katako bi ni a hankali, mai ɗinki na jirana. Katako kar ka yi gardama, mai gardama na gida."

Kaka ba ta motsa ba. Leɓenta ne kawai ke bin waƙar. Rabonta da jin baitin nan sarai tun mai shi na da rai, har ta fara zaton ita ta ƙirƙire shi a ranta. Ta sa gefen mayafi ta goge ido, ta ce hayaƙin babur ne.

"Mai gardama na gida," in ji mai fenti. "Kaka, da ke yake?"

"Da surukarsa yake. Kai, Tulu, kada ka saki totur ɗin nan, ba a zo wurin ba."

Aka zo wurin. Siririyar ƙarar nan ta taso, ta hau, ta tsaya ta ja numfashi, ta sake hawa. Mai gyaran agogo ya cire gilashin idonsa.

"Ƙofa ce," in ji Kan Tulu. "Ku ji fa, ƙofa ce."

"Ƙofar tana shan iska kafin ta ci gaba?" in ji mai shago.

Sai waƙar ta tsaya. Aka ji an ajiye abin goge katako, aka ji muryar kafinta ta matso kusa da rikoda.

"Wai babu mai ɗauke mini Kan Tulun nan ne? Tun safe yake tsala ihu, ya hana ni jin waƙata."

Hannun Kan Tulu ya saki totur da kansa. Babur ya yi tari ya mutu. Jaririn cikin lasifika kuwa yana ta aikinsa. Daga nan mai fenti ya zauna a ƙasa don dariya, mai shago ya kifa kai a kanta, tumbinsa na rawa.

Kaka ta gyara zama, ta ɗora hannu biyu a kan sanda.

"Alhaji, muna saurare."

"Kaka, ai jariri ba shi da laifi."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wa ke kuka?"

"Wataƙila yunwa aka bar ni da ita."

"Au, aka bar ka? Ashe kai ne."

Kan Tulu ya dubi jama'a, ya dubi 'yan lasifikun nan masu ƙura, ya dubi manyan da har yanzu fitilunsu ke kewayawa ba aikin fari. Sai dariya ta ƙwace masa, ya sauko daga babur ya durƙusa a gabanta.

"Ni ne. Ni ne, kuma ko a lokacin muryata ta fi ta mijinki."

"Ta fi ta ƙarfi. Irin lasifikunka."

Ta kwance bakin zani ta biya, ƙullin ya ƙare daidai, ko na ruwa bai rage ba. Mai shago ya sa lasifikun a kwali, ya ce saura waya, wadda ke jiki gajera ce. Kaka ta dubi zaninta da ya koma fayau. Kafin ta yi magana Kan Tulu ya zura hannu a aljihu.

"Auno mata doguwa, wadda za ta kai har matashin kanta. Lasifika ɗaya a kan kabad, ɗaya a bakin kunne. Tunda na sha kaye, gara kishiyata ta zauna kusa."

"Kishiya kuma? Abokin takara dai. Ko kishin ma ba ka iya ba."

Ya ɗaure kwalin a bayan babur, ya ɗaga Kaka ya ɗora a tsakiya kamar kayan gilashi. Ta rungume amfilifayar a cinya, ta ƙi yarda a sa ta a kwali.

"Tafi a hankali," in ji ta, tana dungurin ƙeyarsa. "In ka jefa ni a rami, kullum da safe sai na kunna wa layi wurin kukan nan."

"In ban jefa ki ba fa?"

"Da yamma kawai."